Kayan Haɗa Sabulu a Gida: Inda Suke Fitowa da Yadda Ake Tantance Su

Sana'ar haɗa sabulu a gida ta yaɗu ƙwarai a garuruwan ƙasar Hausa, musamman a tsakanin matan aure da 'yan mata da suka samu horo a cibiyoyin koyar da sana'o'i da makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin mata, kuma dalilin yaɗuwarta a fili yake, domin ba ta buƙatar shago ko jari mai yawa, sannan babu gidan da ake wayar gari ba a nemi sabulu ba. Sai dai akasarin horon da ake bayarwa yana tsayawa ne a kan zubawa da juyawa, inda ake miƙa wa ɗaliba jerin kaya da adadin kofunan da za ta auna, ba tare da an fayyace mata asalin kowane abu da aikin da yake yi da kuma hanyar gane nagari daga gurɓatacce ba. Alhali kuwa mafi yawan sabulun da yake ƙin daskarewa, ko ya riƙa tsatsafo da mai, ko ya ci hannun mai wanki, tun daga kasuwa aka sayo matsalarsa, tun kafin a ɗora muciya a cikin baho. Saboda haka sanin kayan haɗi da hanyoyin da suke bi kafin su iso hannun mai sana'a shi ne rabin sana'ar da aka fi yin sakaci da shi.

Sabulu na asali abu biyu ne suke haifar da shi, wato mai ko kitse a gefe guda, da kuma wani sinadari mai kaifi irin na ruwan toka, wanda masana kimiyya suke kira alkali, a ɗaya gefen. Idan suka haɗu a cikin ruwa, alkalin yakan farfasa man, ya haɗe da wani ɓangarensa ya zama sabulu, ya saki ɗaya ɓangaren wanda ake kira gilisarin, wani ruwa mai danƙo da yake riƙe laima a fata. Manyan masana'antu sukan cire gilisarin su sayar da shi daban, amma a sabulun gida yana nan a ciki, kuma wannan na daga cikin fifikon da sabulun gida yake da shi idan an yi shi da kyau. Masanin kimiyyar Faransa Michel Chevreul ne ya yi cikakken bayanin wannan haɗuwa a littafinsa kan kitse da ya fito a 1823, kuma abu mafi amfani da mai sana'a zai ɗauka daga wannan ilimi shi ne cewa kowane irin mai yana da takamaiman adadin alkalin da yake iya cinyewa. Idan alkalin ya wuce wannan adadi, ragowar takan zauna a cikin sabulun ta ƙona fata, idan kuma ya gaza, ragowar man takan bar sabulun da laushi da maiƙo har ya fara wari bayan 'yan watanni.

Manja shi ne ƙashin bayan sabulun wanki a Afirka ta Yamma, domin shi yake ba sabulu tauri da ɗorewa, kuma ba a noma bishiyarsa a yawancin ƙasar Hausa saboda tana buƙatar ruwan sama mai yawa. Daga jihohin Edo da Delta da Imo da Akwa Ibom da Kuros Riba da Ondo da kuma ƙasar Igala ta jihar Kogi ake lodo shi a manyan motoci cikin durom da jarkoki masu lita 25, ya sauka a wurare irin su kasuwar Galadima da ke Kano, daga nan 'yan sari su rarraba shi zuwa ƙananan kasuwanni har ya tsallaka Maraɗi da Damagaram. Farashinsa yana bin kakar kwakwa, wadda take kankama daga watan Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da manja yake yawa ya yi araha, sannan ya riƙa hawa har zuwa ƙarshen shekara, don haka mai ɗan jarin da zai iya ajiya ya fi dacewa ya saya a wannan tsakanin. Akwai kuma wata dama da masu sabulu suke da ita wadda masu girki ba su da ita, wato manjan da ya kwana biyu ya yi kauri ya fara tsami, wanda matan gida suke ƙyama a miya, yana yin sabulun wanki lafiya lau kuma ana samunsa da rahusa. Abin da ya kamata a guje shi ne manjan da aka sirka da ruwa, wanda ake ganewa idan an narkar da kaɗan a kwalba aka bari ya kwanta, sai a ga ruwa da laka sun taru a ƙasa, da kuma wanda aka zuba wa jan rini domin ya ƙara ja, algus ɗin da hukumomin abinci na Najeriya da Gana suka sha yin gargaɗi a kansa.

Jan launin manja na halitta yana sa sabulu ya fito ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, kuma yana iya barin tabo a farin tufafi, shi ya sa masu sabulu suke dafa shi a kan wuta mai ƙarfi har jan ya mutu ya koma fari-fari. Wannan aiki yana fitar da hayaƙi mai shaƙe numfashi, kuma man da ya yi irin wannan zafi yana iya kamawa da wuta, saboda haka a fili ake yin sa, nesa da ɗaki da yara, da murfin ƙarfe a kusa wanda za a kifa a kan tukunyar idan ta kama, domin watsa ruwa a kan mai mai ci ƙara yaɗa wutar yake yi.

Daga cikin ƙwallon kwakwar manja ake samun mai na biyu, wato alayyadi, wanda halinsa ya bambanta da na manja nesa ba kusa ba ko da yake bishiya ɗaya ce ta haife su. Kusan rabin alayyadi wani sinadari ne da ake kira lorik, irin wanda yake cikin man kwakwar attagara, kuma shi ne yake sa sabulu ya yi kumfa mai yawa cikin sauri ko da a ruwan zartsi ne. Iri biyu ake samu a kasuwa, akwai baƙin da ake soyawa a gargajiyance mai ƙaurin hayaƙi, wanda ake shafawa ake kuma sa shi a sabulun salo, akwai kuma wanda injin ya matse mai ruwan ɗorawa, wanda shi ne masu sabulun sanda suke nema. Da yake yawan alayyadi a sabulun wanka yana busar da fata, masu sanin sana'ar ba su cika barin ya wuce kashi 30 cikin 100 na jimillar man ba, amma a sabulun wanki ana iya wuce haka sosai.

A nan ne lissafi yake shigowa, kuma a nan ne algus yake yin ɓarna mafi girma. Kilo ɗaya na manja yana cin kimanin giram 142 na soda, wato alkalin da ake saye a kasuwa, kilo ɗaya na man kaɗe yana cin kimanin giram 128, man gyaɗa kimanin 137, amma alayyadi yana cin kimanin giram 176, man kwakwar attagara kuma kimanin 183. Idan aka haɗa giram 600 na manja da 300 na alayyadi da 100 na man kaɗe, jimillar sodar da ake buƙata ta kai kusan giram 151, kuma idan na wanka ne akan rage kashi 5 cikin 100 domin a bar ɗan mai da zai tausasa fata, sai a tsaya a kusan giram 143. To, idan mai sayarwa ya sirka alayyadi da wani mai mai araha rabi da rabi, mai saye kuma ta auna soda bisa zaton tsantsar alayyadi ne, kowane kilo zai bar rarar soda da ta kai kusan giram 17 zuwa 20 wadda ba ta da man da za ta ci, kuma wannan rara ce take fasa tafin hannun matan da suke wanki da irin wannan sabulu. Mafi muni shi ne sirki da man da aka samo daga fetur, domin shi soda ba ta cin sa ko kaɗan. Alayyadi na gaskiya yakan daskare ya yi fari da tauri a sanyin safiyar hunturu ko a cikin firji, kuma wannan alama ce mai taimako, amma gwajin da ya fi kowane tabbaci shi ne a haɗa ɗan ƙaramin sabulu na giram 200 ko 300 daga kowace sabuwar jarka, a jira kwana biyu a gani, kafin a zuba jarin gaba ɗaya a cikin baho.

Man da Arewa take da shi nata na kanta, wanda ba sai an jira mota daga kudu ba, shi ne man kaɗe. Bishiyar kaɗanya tana fitowa ne da kanta a dazuzzukan da suka miƙe daga Senegal har zuwa Sudan ta Kudu da Yuganda, kuma a Najeriya ta fi yawa a jihohin Neja da Kwara da Kebbi da Kaduna da arewacin Oyo, a Gana kuma a yankin Tamale. Bishiya ce mai jinkiri, wadda takan shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna girman asarar da ake yi duk lokacin da aka sare ta domin gawayi. Mata ne suke tsintar kaɗe da damina, su dafa, su shanya, su soya, su niƙa, su cuɗa da ruwa har man ya taso, saboda haka sabon mai yana shigowa kasuwa ne daga ƙarshen damina zuwa kaka. A watan Agusta na 2025 gwamnatin Najeriya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyen kaɗe zuwa waje na wata shida da nufin a riƙa sarrafa shi a cikin gida, matakin da ya karya farashin kaɗe a hannun masu tsinta a lokacin. A cikin sabulu, man kaɗe yana da wani kaso mai yawa da soda ba ta iya ci, wanda yake zama a matsayin abin gyaran fata, amma ba ya kumfa sosai, don haka gauraya shi ake yi da alayyadi. Nagarinsa yana narkewa nan take idan an murza shi a bayan hannu ba tare da ya bar tsakuwa-tsakuwa ko gari ba, kuma idan aka narkar da shi a kwalba ba a ganin ruwa ko ƙullu ya kwanta a ƙasa.

Man gyaɗa da man gurya da man riɗi duk suna yin sabulu, amma mai laushi ne mai saurin narkewa idan ba a haɗa su da manja ko kitse ba, kuma tsadar man gyaɗa a matsayinsa na abinci ta sa ba kasafai yake biyan mai sabulu ba. Abin da aka fi yin watsi da shi, alhali yana da araha kuma yana da inganci, shi ne kitsen shanu da na tumaki, wanda ake samu a kwata da wurin mahauta, kuma yakan yi yawa a kwanakin Babbar Sallah. Ana yayyanka shi, a narkar da shi a ƙaramar wuta tare da ruwa da ɗan gishiri, a tace da ƙyalle, a bari ya daskare a ɗauke farin faifan da ya taso sama, kuma idan aka maimaita haka sau biyu ƙarninsa yakan ragu ƙwarai. Sabulun kitse fari ne mai tauri, kuma adadin sodar da yake ci kusan daidai yake da na manja. Man darbejiya, bishiyar da aka kawo daga Indiya a farkon ƙarni na 20 ta kuma cika titunan Maiduguri da Katsina da Yamai, ana sa shi kaɗan a sabulun masu ƙuraje, amma ƙarfin warinsa bai bari a yawaita shi. Ragowar man suyar ƙosai da na kifi kuwa, idan an tace shi, ya dace da sabulun wanke-wanke kawai, bai dace da na wanka ba.

Kafin zuwan soda ta buhu, toka ce alkalin da ake da shi, kuma har yau ita ce ginshiƙin sabulun salo. A ƙasar Yarabawa da kudancin Gana ana ƙona ɓawon koko da ɓawon agada da totuwar kwakwar manja, a Arewa kuma ana ƙona karan dawa da na gero da totuwar masara, a zuba tokar a cikin tukunya mai huji da aka shimfiɗa wa ciyawa, a riƙa zuba ruwa yana ɗiga a hankali, sannan a dafa ruwan da ya tsane har ya yi ƙarfi. Sinadarin da yake cikin wannan ruwa dangin fotasiyam ne, kuma shi ya sa sabulun salo yake da laushi yake kuma jan laima daga iska, saɓanin sabulun soda wanda yake dangin sodiyam mai bushewa da tauri. Ƙarfin ruwan toka yana bambanta daga wannan ƙonawa zuwa waccan, kuma tsohuwar dabarar gwada shi ita ce a jefa ɗanyen ƙwai a ciki, idan ya taso har ɗan bayansa ya leƙo sama to ya yi. Yawancin masu sayar da haɗin sabulun gyaran jiki a yau ba su dafa salo da kansu, sari suke yi na dunƙulen da aka kawo daga kudu ko daga Gana, kuma abin lura a nan shi ne salo na asali launin ƙasa-ƙasa ne mai dabbare-dabbare da yake marmashewa a hannu, wanda kuwa ya yi baƙi wuluk ya yi sumul sau da yawa rini ne ya mai da shi haka. Kanwa, wadda ake haƙowa a ƙasar Manga da gefen tafkin Cadi da Dallol Boso ta Nijar, ita ma alkali ce, amma mai rauni ce, ba ta iya cinye mai ita kaɗai a haɗin da ba a dafa ba, don haka ba ta maye gurbin soda.

Sodar da 'yan kasuwa suke kira kostik, wadda sunanta a kimiyya shi ne sodiyam haidiroksaid, a masana'anta ake yin ta ta hanyar ratsa ruwan gishiri da wutar lantarki. Samun alkali daga gishiri maimakon toka shi ne abin da ya mai da sabulu kayan kowa a Turai, tun daga hanyar da Nicolas Leblanc ya fito da ita a Faransa a 1791 da wadda Ernest Solvay na Beljiyam ya kawo a shekarun 1860, kuma buƙatar masana'antun sabulu na Turai ce ta sa aka riƙa kwasar manja da ƙwallon kwakwa daga gaɓar Afirka ta Yamma, har kamfanin Lever Brothers ya kafa reshensa a Najeriya a 1923. Mafi yawan sodar da ake amfani da ita a yankin nan daga waje ake shigo da ita, musamman daga Sin da Indiya, cikin buhuna masu kilo 25, ta sauka a tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano, ta bi ta kasuwar 'yan kemikal ta Ojota da kasuwannin Anaca da Aba da Sabon Garin Kano. Saboda haka farashinta yana bin canjin dala, kamar yadda masu sana'ar suka gani bayan sakin darajar naira a watan Yuni na 2023, kuma wannan ne ɓangaren jarin da mai sabulu ba ta da iko a kansa ko kaɗan.

Soda tana zuwa ne a siffa biyu, mai fale-fale da mai ƙwaya-ƙwaya, kuma aikinsu ɗaya ne muddin nauyinsu ɗaya ne, amma kofi ɗaya na wannan bai yi nauyin kofi ɗaya na waccan ba. Babbar matsalarta ita ce tana shan laima da iskar da ke kewaye da ita, ta jiƙe, ta dunƙule, wani ɓangarenta ya rikiɗe ya zama sinadari mai rauni, saboda haka sodar da ta daɗe a buɗaɗɗen buhu a shago, musamman da damina, nauyinta yana nan amma ƙarfinta ya ragu. Tagari fara ce fat, busasshiya, mai warwatsewa idan an girgiza leda, kuma idan aka zuba ta a ruwa yakan ɗauki zafi nan take har ya yi tururi. Wadda ta zo a jiƙe ko ta yi farin gari a samanta ko ta narke ruwan bai yi zafi ba, mayar da ita ya fi. Buhun da ba a buɗe ba yana ɗauke da sunan masana'anta da ƙimar tsarkinsa, wanda yakan kasance kashi 98 ko 99 cikin 100, kuma wannan shaida ce da mai sayen awo a ƙullin leda ba ta samu.

Wajibi ne a tsaya a kan hatsarin wannan sinadari, domin shigarsa gidajen jama'a ya zo da wata musiba da likitocin yara a ƙasashen Afirka ta Yamma suka daɗe suna kokawa a kanta. Ruwan soda idan ya huce ba shi da launi ko wari, kamar ruwan sha yake, kuma masu sabulu sukan jiƙa shi su bari ya kwana ɗaya ko biyu a bokiti ko a gorar lemo, sai yaro mai ƙishirwa ya kurɓa. Kurɓi ɗaya yana ƙona maƙogwaro da hanyar abinci, idan ciwon ya warke kuma hanyar takan tsuke har yaro ya kasa haɗiye abinci, ya shiga jinyar watanni ko shekaru. Babu wata riba da ta kai wannan asara, don haka soda, busasshiya ko jiƙaƙƙiya, a cikin mazubi mai murfi da rubutu take zama, a ɗakin da ake kullewa, kuma ba a taɓa zuba ta a gorar ruwa ko kwanon abinci. Idan aka yi tsautsayi wani ya sha, ba a sa shi amai, domin dawowarta ƙuna ce ta biyu, asibiti ake garzayawa da shi nan take. Idan ta taɓa fata ko ido, ana wankewa da ruwa mai gudana na aƙalla minti 15 zuwa 20. Wajen jiƙawa kuma soda ake zubawa a cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kan soda, a wuri mai iska, da safar hannu ta roba da tabarau a fuska.

Ruwa ma kayan haɗi ne, ko da yake ba a cika lissafa shi ba. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi yana ɗauke da sinadaran da suke kashe kumfa, don haka tataccen ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ya fi dacewa. Game da kayan aiki, sikeli na lantarki mai auna giram shi ne abu na farko da ya cancanci a kashe wa kuɗi, domin awo da kofi da gwangwani shi ne tushen yawancin kurakurai, kasancewar lita ɗaya ta mai ba ta cika kilo ɗaya ba, kusan giram 900 ce, jarka mai lita 25 kuma ba ta wuce kilo 22 zuwa 23 ba. Na biyu shi ne haidiromita, wata 'yar kwalba doguwa mai lambobi da ake tsomawa a ruwan soda domin auna kaurinsa. Kilo ɗaya na soda mai kyau a lita 3 na ruwa yakan nuna kusan 1275 idan ya huce, kuma idan lambar ta gaza haka sosai, alama ce ta cewa an sayo soda mai rauni ko an yi kuskuren awo.

Tukunyar alminiyam, wadda ake kira ta dalma, ba ta da wuri a wannan sana'a, domin soda tana cin ta, tana kuma fitar da wata iska mai kama wuta yayin da take cin ta. Abin da ya dace shi ne ƙarfe marar tsatsa ko roba mai kauri, kuma a gindin yawancin robobi akwai lamba a cikin alamar kusurwa uku, inda mai lamba 2 da mai lamba 5 suke jure soda, gorar ruwan sha mai lamba 1 kuwa ba ta jurewa. Mazubin sabulu kafinta yana iya haɗa shi da katako a shimfiɗa masa leda, kuma siririyar waya ta isa yanka.

Sauran kayan da 'yan kemikal suke jerawa a takarda ƙari ne kawai. Soda ash, wadda take 'yar uwar kanwa ce a sinadari, tana tausasa ruwan zartsi ta ƙara ƙarfin wanki, silikat kuma yana ƙara tauri da santsi, dukansu biyun na sabulun wanki ne, suna da kaushi ga fata idan aka sa su a na wanka. Farar ƙasa da ake ƙarawa domin nauyi ba ta wanke komai, kuma yawaita ta ha'inci ne ga mai saye ko da kasuwa ta saba da shi. Turare shi ne mafi tsada idan aka auna da giram, kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyin man ya wadatar, kuma wanda aka sirka da sifirit yakan sa haɗin ya dunƙule tun kafin a juye shi a mazubi. Kala kuwa akwai mai narkewa a mai akwai mai narkewa a ruwa, kuma dole a tambaya lokacin saye. Kurkum da garin zogale da lalle suna ba da launi, amma soda takan canza su, koren zogale yakan koma ruwan ƙasa bayan 'yan makonni.

Abin da ake kira sabulun ruwa na wanke-wanke wani fanni ne daban, domin babu mai a cikinsa, ana yin sa ne da sinadarin sulfonik da aka samo daga fetur, da teksafon mai kawo kumfa, da naitrosol mai kawo kauri. A cikin jerin kayansa ne ake yawan ganin fomalin a matsayin abin hana lalacewa, sinadarin da cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin masu haddasa sankara a 2004, kuma yana da kyau mai saye ta nemi madadinsa maimakon ta karɓi duk abin da aka ƙulla mata. Haka nan akwai mummunar al'adar zuba mayukan bilicin da magungunan fata masu ƙarfi a cikin sabulun salo a sayar da sunan haɗin gyaran jiki, alhali wasunsu suna ɗauke da sinadarin makyuri da aka haramta, mai lalata ƙoda, wasu kuma suna sirantar da fata har ta riƙa tsagewa. Duk ruwa ko hodar da mai shago ya kasa faɗin sunanta na gaskiya, ya ce kawai tana sa haske, bai kamata ta shiga abin da wani zai shafa a jikinsa ba.

Ta fuskar jari, bambancin da ke tsakanin farashin ƙullin leda da na buhu, ko na kwalba da na jarka, shi ne sau da yawa yake cinye ribar ƙaramar mai sana'a, kuma hanyar da mata da dama suke bi ita ce su haɗa kuɗi su biyar ko goma, irin na adashi, su sayi buhun soda da jarkokin mai a sari su raba da sikeli. Wannan yana rage tsada, yana kuma ba su damar ganin rubutun buhu da idonsu da riƙe dillali ɗaya wanda za a iya komawa gare shi idan kaya suka ɓaci. A cikin lissafin jari dole a sa lokaci, domin sabulun da aka haɗa ba tare da dafawa ba yana buƙatar mako 4 zuwa 6 a inuwa mai iska kafin ya bushe ya yi sanyin taɓawa, busasshiyar iskar hunturu tana taimaka masa, laimar damina kuma tana sa shi gumi. Wadda take son kai kayanta kantuna za ta buƙaci rajista da hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 kuma sabulu da kayan shafa da sinadarai suke ƙarƙashin kulawarta, kuma jami'anta suna duba wurin aiki da takardar da aka manna wa kaya da jerin abubuwan da aka zuba a ciki. Saboda haka yana da amfani tun daga haɗin farko a tanadi littafi da za a riƙa rubuta ranar saye, da sunan shago, da nauyi da farashin kowane abu, da lambar da haidiromita ta nuna, da kuma yadda sabulun ya kasance bayan mako shida.